Akwati Mai Kumburarriyar Kusurwa Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai sunkuye saboda kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Daidai, mai zane a shagon buga kati na biyu daga bakin layi, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da duk wanda ya taɓa riƙe katin shagon nan a hannunsa cewa Akwatin Yaya ya riga mu gidan gaskiya. Marigayin ya cika ranar wata Talata da hantsi, a kan teburin zane, a gaban mai makokin, kuma tunda sanarwar rasuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce, a hannun mai makokin. Maƙwabta ne suka rubuta wannan a madadinsa, don shi tun da maganar ta fito ko alƙalami ya ɗauka sai ya ajiye.

Ga wanda bai san marigayin ba, ba akwatin katako ba ne, ba kuma na ƙarfe ba. Zane ne a cikin kwamfuta, layi ɗaya tak da ya zagaya ya dawo inda ya faro, mai tsawo da faɗi da kusurwa huɗu masu laushi, waɗanda ba sa sokin hannu. Shi ne iyakar kowane kati da kowace sitika da shagon nan ya taɓa fitarwa. Shi injin yanka yake bi sau da ƙafa. Inda layin ya miƙe wuƙa ta miƙe, inda ya lanƙwasa ta lanƙwasa.

An haifi marigayin shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, a hannun yayan Malam Daidai, wanda ya kafa shagon, Allah ya jiƙansa da rahama. A wancan zamanin manhajar zanen da suke da ita ba ta san sauƙi ba. 'Yan yau sun samu duniya a kwance: ka ja akwati, sai ga wasu 'yan ɗigogi sun fito a cikin kusurwoyi, ka kama ɗaya da linzamin kwamfuta ka jawo shi ciki, duka huɗun su lanƙwashe tare, ko kuma ka rubuta lamba ɗaya a gurbinta ka koma ka sha shayinka. Yaya kuwa da hannu ya yi nasa. Kowace kusurwa sai da ya ɗora mata da'ira, ya yanke abin da ya yi saura, ya haɗa bakin layi da bakin layi, yana lallaɓa su kamar mai ɗorin karaya. Da ya gama ya raɗa wa fayil ɗin suna "akwati na ƙarshe na gaske", kuma a tarihin shagon nan shi kaɗai ne fayil ɗin da ya ci irin wannan suna bai yi ƙarya ba.

Marigayin mai haƙuri ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. An ƙara masa tsawo don lambar ƙofa, an rage masa don katin shaida, an cika cikinsa da ja da kore da wani ruwan hoda da mai gyaran gashi ta nace a kai, bai ce uffan ba. Abu ɗaya ne ba ya so, a kama shi ta gefe a ja da ƙarfi, don nan take kusurwoyinsa kan sandare su koma kamar ƙwai. Shi ya sa Yaya ya kafa doka cewa duk mai son ya faɗaɗa shi sai ya kama ɗigogin gefe guda tare, ya matsar da su a hankali, kamar yadda ake taimaka wa dattijo ya gyara zama.

Ba a yi wa mamaci ƙarya, ko ta yabo ce. Marigayin yana da lahani. Kusurwoyinsa uku daidai suke kamar an tsaga kara, amma ta huɗun, ta ƙasa ta hannun hagu, ta ɗan kumbura kamar kumatun mai ciwon haƙori. Ba kowane ido ke gani ba, sai dai kowane kunne a layin nan ya san ta. In injin yanka yana bin sa, sai ka ji ziii, ziii, ziii, yana zuwa ta huɗun sai ya ɗan yi tari, ƙit, sannan ya wuce. Iyakar maganar marigayin ke nan a duniya. Mai hatimi da ke shagon gefe ya ce da wannan tarin yake sanin an buɗe kasuwa.

Shi kuwa mai makokin, ai ba a banza aka raɗa masa Malam Daidai ba. Mutum ne da in ya je gaisuwa gidanka sai ya miƙe ya gyara maka hoton bango kafin ya amsa sannu da zuwa. Shi ya bi teburin shagon ya raba shi da duk wata waya, ya sayo linzami marar igiya, yana cewa tebur mai wayoyi alamar kai mai wayoyi ce. To irin wannan mutum aka zaunar shekara da shekaru a gaban kumburarriyar kusurwa. Tun Yaya na da rai ya sha roƙonsa a gyara, Yaya sai ya yi dariya ya ce a bar kaza cikin gashinta. Bayan rasuwar Yaya ya kame hannunsa don kara, amma ido ba ya kara. Kullum ya buɗe fayil ɗin, can idonsa yake fara sauka.

Matar Yaya ce ke riƙe da gaban shago, ita ke karɓar aiki, ita ke miƙa shi. Tsakaninta da ƙanin mijinta kuwa wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan. Ba ta taɓa kiransa da Malam ba. Sarkin Gyara take ce masa, ta ce da za a ba shi ajiyar raƙumi da an dawo an tarar ya miƙe masa tozo. Shi ma ba ya barin ta kwana, ya ce rubutunta a takardar aiki kamar kaza ta taka tawada. Haka suke wuni, masu jiran aiki suna dariya. Tana da wata al'ada: duk ƙunshin katin da ya fito daga inji sai ta zari ɗaya ta shafa kusurwar ƙasan da babban yatsa kafin ta ɗaure. Malam Daidai ya ɗauka kaifin wuƙa take dubawa. Shekara nawa yana kallon yatsan nan, bai taɓa tambaya ba.

Ciwon ajali ya zo ne ta ƙofar alheri. An sa ranar auren ɗiyar Yaya, ita kaɗai ya bari, kuma a hannun Baffanta Malam Daidai ta girma. Ya rantse katin gayyatar nan sai an yi shekara ana zancensa. Ya zaɓi takarda mai kauri, ya yi ta sauya harufa har idonsa ya yi ja, sannan ya ɗora komai a kan marigayin ya ja da baya yana kallo. Komai ya zauna ɗas. Sai kusurwar nan. Ya ƙara wa hoton girma har ta cika fuskar kwamfuta, ta tsaya tana kallonsa, shi ma yana kallonta. Zuciya ta ce masa dangin ango akwai masu ido, kada a ce gidan masu zane ne amma katin 'yarsu a karkace. Zuciyar ta ƙara da cewa ai gata zai yi wa marainiya.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ya share ɗigogin da Yaya ya ɗora da hannu, ya mayar da marigayin akwatin zamani, 'yan ɗigogin nan suka fito a kusurwoyi kamar an kira su. Ya kama ɗaya ya jawo, huɗun suka lanƙwashe tare. Bai gamsu da hannunsa ba, ya rubuta lamba don kowace ta zama sak 'yar uwarta. Ya yi kyau, ba za mu hana shi wannan ba. Daga nan ya adana aikin a kan tsohon sunan, ya rufe manhajar, ya tafi wanke hannu yana fito. Duk mai zane ya san maɓallan nan biyu na tuba, waɗanda in ka danna su kuskure yake komawa baya. Ya kuma san cewa in an rufe manhaja ƙofar tuba ta rufe. Malam Daidai ya fi kowa sani, shi yake koya wa mutane.

Ya dawo ya yanka kati ɗaya na gwaji. Ziii, ziii, ziii, ziii. Babu tari. Yana cikin jin daɗin shirun nan sai Matar Yaya ta ɗago murya daga gaban shago, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce Sarkin Gyara ya yi duk iyayin da zai yi a kan katin, launi da harufa duk nasa ne, abu ɗaya kawai take so: a yanka shi a kan akwatin Yayansa, yadda yake, don uban yarinya ya sa hannu a bikin 'yarsa.

Nan take ya koma kan kwamfuta. Ya buɗe fayil, ya danna maɓallan tuba har yatsa ya yi zafi, shiru. Ya leƙa kwandon sharar kwamfuta, wayam, don shi da kansa yake share shi kullum da safe kamar tsakar gida. Tsofaffin ayyukan da ke ɗauke da kwafin marigayin kuwa ya zubar da su tun lokacin da aka sauya kwamfuta, yana cewa uwa ɗaya ta isa, tarkace ne ke sa inji nauyi. Ya tuna akwai wani filash da ya taɓa adana kwafin fayil ɗin a ciki, ya bi sawunsa har wurin wani direba da ya ara, ya tarar an cika shi da waƙoƙi. Ya kira mai gyaran kwamfuta a asirce. Mutumin ya duba, ya duba, ya cire tabarau ya ce sai haƙuri, an riga an rubuta sabo a kan tsoho. Garin neman gira an rasa ido.

Da mai makokin ya tsaya a nan, da wannan sanarwa ta baƙin ciki ce kawai. To bai tsaya ba. Ya ɓalle wani tsohon kati daga bango, ya ɗauki hotonsa a inji, ya zauna yana bin gefensa ɗigo bayan ɗigo. Ya fara gwada lamba, ya ga babu lambar da ke ba da kumburin nan, don ba yankin da'ira ba ne, wani abu ne da ya kufce. Sai ya koma yi da hannu. Kuma abin takaicin, mutumin gwani ne. Ya ƙera jabun kusurwa wadda in ka ɗora ta a kan ta asali ko gashi ba zai ratsa tsakani ba. Inji ne kawai ya ƙi karɓar cin hanci. Layin ya yi masa santsi da yawa, sai ya wuce ta huɗun sumul. Ranar da Matar Yaya ta tsaya a kansa ana yanka katin farko, wuƙa na isa kusurwar, Malam Daidai, mai furfura a gemu, ya dunƙule hannu ya yi tari da bakinsa.

Ta ɗauki katin ta shafa kusurwar da yatsa. Ta sake shafawa. Sai ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta yi a ɗakin zane, ta ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Ta ce ranar da Yaya ke zana akwatin nan ita tana fama da zazzaɓi, shi ya ɗauki yarinyar ya zo da ita shago, lokacin tana haƙori, komai ta samu sai baki. Ya gama kusurwa uku tana kan cinyarsa. Yana tsakiyar ta huɗu ta cafki igiyar linzamin ta fizga. Da ya koma gida yana ta dariya, ya ce yau 'yarsa ta fara aiki a shago, kuma ba zai taɓa goge aikinta na farko ba.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Hannunsu ne su biyu a nan. Allah ya yi maka albarka da ka riƙe mana shi."

Jama'a, zagi yana da sauƙin haɗiya. Albarkar da ba ka ci ba ita ce ƙashin kifi. Malam Daidai ya amsa da amin, muryarsa kamar ta wani. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa ta ƙi. Abinci ya daina wuce masa. Matarsa ta ɗauka hawan jini ne, ta hana shi gishiri. Ya zauna gaban kwamfuta ya ga jabun nan zaune a kan sunan marigayin kamar baƙon da ya sa rigar maigida. Ba wanda zai taɓa ganewa, ya sani sarai, kuma sanin nan ne ya hana shi sakat. Bai kai ƙarshen mako ba. Da safe, an buɗe shago, amarya ta zo ganin kati, ya tsaya a gaban uwa da 'ya ya zayyana komai, har tarin bai rage ba.

Matar Yaya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe jakarta ta fito da katin nan da ta shafa, ashe tun ranar yana tare da ita. Ta dube shi, ta ajiye a kan tebur, ta tura masa da yatsa ɗaya.

Ta ce, "Da ka bar ni da shi."

Tun daga ranar take gaishe shi gaisuwa cikakkiya. Ina kwana, Malam. Ya iyali, Malam. An gode, Malam. Aiki ta miƙo masa da hannu biyu, rubutunta ma ta gyara shi. Masu jiran aiki suna zaune tsit kamar a asibiti. Wanda bai san gidan ba zai ce ladabi ne, mu da muka sani mun san an tsige masa rawani ne. Mutumin da aka yi shekara ashirin ana tsokana, yanzu yana shiga shagonsa kamar mai neman aiki. Ya gaya wa mai hatimi cewa zai ba da kwamfutar da injin da duk abin da ya iya don ta sake ce masa Sarkin Gyara sau ɗaya. Da na sani ƙeya ce.

Marigayin ya rasu ya bar zuri'a mai yawa, sai dai duk a kan takarda suke, babu mai iya haihuwa a cikinsu. Akwai katunan shaidar ma'aikata da ke rataye a wuyan mutane, da sitikar da ke jikin kwalaben man shafawa, da lambobin ƙofar wani masauki, da alamar "a turo" da ke ƙofar shagon magani, wadda har yau mutane ke ja. Akwai katin mai gyaran takalmi da ya yi shekaru a aljihun wasu har ya yi laushi kamar tsumma. Duk wanda ya duba nasa zai ga kumburin gado a ƙasa ta hagu, a riƙe shi da kyau. Ya kuma bar injin yanka, abokin tafiyarsa, wanda tun rasuwar bai sake tari ba, kuma ba lafiya ce ta sa ba. Iyalai suna sanar da cewa wani mai kama da marigayin da aka gani kwanan nan ba ɗan gidan ba ne, kada a yi mu'amala da shi da sunansu.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar da hantsi, a ɗakin zane, za a ja jabun zuwa kwandon shara, mai makokin ne zai ja da hannunsa, shi zai share kwandon a gaban shaidu. Gawar kuwa, wato akwatin nan mai kusurwa huɗu daidai, ba za a binne ta ba. Amarya ce ta hana. Ita da aka ba ta labarin igiyar sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta yi kuka, sannan ta share fuska ta ce tunda ita ta ɓata na farko, ba ta ga abin da zai hana ta ɓata na biyu ba. Baffa zai zauna a kujerar babanta, ya ware kusurwar ƙasa ta hagu ita kaɗai, ya kama ɗigonta ya fara ja. Ita kuma za ta fizgi igiyar linzami lokacin da ta ga dama, ba tare da ta faɗa masa ba. Duk abin da ya fito, a kansa za a yanka katin biki. Kowa ya san ba marigayin zai dawo ba, ita ma ta sani. An hana mai makokin rubuta lamba, an hana shi ƙara wa hoto girma, maɓallan tuba kuwa mai hatimi zai ɗora musu hannu.

Sai aka tarar da cikas, shagon ba shi da linzami mai igiya, kowa ya san dalili. Mai makokin ya bi layin nan shago-shago yana neman aro, kuma duk inda ya shiga sai an tambaye shi me zai yi da shi, shi da ya yi musu wa'azi a kan wayoyi, sai ya tsaya ya ba da labarin daga farko. Ya bayar a wurin mai hatimi, ya bayar a wurin mai ɗinkin littattafai, har mai sayar da takarda da ba a tambaye shi aro ba sai da ya sa aka maimaita masa. Ba a samu ba, duk sun bi shawararsa sun zubar.

Ana sanar da jama'a a daina nema. Ana shirin liƙa wannan takarda amarya ta shigo da wani ƙulli a tsohon ɗankwali, ta ce in ji mamanta. Linzamin Yaya ne, fari ne a da, yanzu ya koma ruwan ƙasa, bakinsa irin mai zagayen nan na da, mai gyaran kwamfuta ya yi alkawarin kawo mahaɗi. Igiyarsa duk ta nannaɗe, kuma kusa da wuyansa akwai sawun 'yan haƙora guda biyu. Matar Yaya ba ta ce za ta halarta ba, ba ta kuma ce ba za ta halarta ba, an dai ajiye mata kujera. Saƙo ɗaya ta bayar. Ta ce aro ne, kuma a gaya wa Sarkin Gyara igiyar a lanƙwashe ta ba da ita, a lanƙwashe take son abarta.

Za a karɓi gaisuwa bayan an yanka katin farko. Masu zuwa su yi shiru lokacin da wuƙa ta doshi kusurwa ta huɗu, kuma duk mai tari ya tsaya a waje.